Shekara goma ban wuce ɗari da mota ba

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jan ƙafa a kan rubuta wannan labarin, sau uku ina farawa ina gogewa, amma kwanaki na ga wani bidiyo a Snapchat na wasu yara 'yan unguwarmu suna juya mota a bayan gari cikin dare, ɗaya ya zuro rabin jikinsa ta taga yana ɗaga hannu yana ihu, wallahi sai da cikina ya kaɗa na kife wayar. Shi ne nace bari dai in faɗi nawa. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda suka sanni sun san su wa nake nufi.

A Jidda aka haife ni a 1992. Kakanmu daga ƙasar Katsina ya taso da ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana aikin auduga a Jazira yana tara kuɗin jirgi, ya tsallako ta Sawakin ya sauke farali ya yi zamansa. Mu dai mun buɗe ido mun ganmu a kudancin Jidda, Hausa a cikin gida Larabci a waje, tuwo miyar kuka ran Juma'a, tamis da ful sauran ranaku. Babana direba ne, ina shekara 13 na iya jan mota, ina satar makulli in ya kwanta bayan azahar.

Wanda bai taso a ƙasar nan ba ba zai gane yadda tafhiɗ, wato wasan juya mota a guje, ya shiga jinin yara a wancan lokacin ba. Za a samu titi mai faɗi miƙaƙƙe a wajen gari, ka ba mota wuta ta kai 160 ko 180, sai ka karkaɗa sitiyari ta fara zamewa dama da hagu kamar maciji, mutane kuma sun jeru gefe da gefen titi ba shinge ba komai suna ɗauka a waya. Lokacin jarabawa abin ya fi ƙamari saboda ana tashi makaranta da wuri. Motocin kuma ba wasu na musamman ba ne, Camry ce da Sonata da Accord, motocin kai yara makaranta, wani na babansa wani na haya. Mu har tsohuwar taya muke nema da gangan wai ta fi santsi. Bel kuwa wanda ya ɗaura shi ne matsoraci. Ni na iya, ba yabon kai ba, har suna aka sa min, kuma a wurin da kullum ana kallonka a matsayin Takruni, wato ɗan asalin Afirka ta Yamma, ɗan kudancin gari, ranar da ɗaruruwan mutane ke kiran sunanka ji kake kamar ka taka wata. Wannan ita ce gaskiyar abin da ya riƙe ni, ba gudun kansa ba.

Sanyin 2013 ne. Ɗan gwaggona, shekararsa 17, tun yana rarrafe yake bina, ya nace sai ya shiga. Nace masa zauna ka kalla, yace haba Yaya sau ɗaya dai. A juyi na uku tayar baya ta sauka daga kwalta ta cije a yashi, motar ta tashi. Ban san sau nawa ta wuntsila ba, abin da na sani shi ne na farka ina jin warin roba da fetur, ƙashin kafaɗata a karye, kujerar gefe kuma ba kowa. A kan taga yake zaune lokacin. Bai kai asibiti ba.

Na yi watanni a tsare. Diyyar kisan kuskure a lokacin riyal 300,000 ce, gidanmu ko kashi ɗaya cikin goma ba mu da shi, dangi har sun fara zagayawa da takarda ana haɗawa. Sai Gwaggo ta zo gaban alƙali da kanta tace ta yafe. Da muka fito na durƙusa zan kama ƙafarta ta ja baya, tace "na yafe maka saboda Allah, amma kar ka zo min gida sai na neme ka." Shekara biyu da rabi kafin ta neme ni.

Wannan tsakanin ba na son tuna shi sosai. Na bar karatu. Ba na barci sai an yi kiran asalatu. In na ji ƙarar taya ko da a talabijin ne zuciyata sai ta riƙa dukan uku-uku, warin ƙonanniyar roba kuwa amai yake sa ni. Da na koma tuƙi saboda dole, in allura ta doshi 90 tafin hannuna sai ya jiƙe sharkaf, a titin Makka ina layin dama tireloli na danna min hon. Wani dattijo Bahaushen Sudan ɗan Mai Wurno, abokin babana, shi ya ɗauke ni a warsharsa, wato garejinsa, a Sana'iyya, unguwar makanikai, muna ce masa Usta. A wurinsa na koyi kanikanci, shekara da shekaru ina gyara motocin mutane ina tsoron su. A 2016 aka tsaurara doka, tarar tafhiɗ ta koma riyal 20,000 a karon farko da tsare mota kwana 15, na biyu 40,000, na uku 60,000 har a iya ƙwace motar. Na ji daɗi, amma na ce a raina ina ma tun da.

Abin da ya fara taɓa ni shi ne zuwan gasar tseren motoci ta Formula 1 garinmu. Disamban 2021 aka yi na farko a Kurnish, titi mai kilomita 6 da 'yan kai da kwana 27, Lewis Hamilton ya ci. Ban je ba, ko a talabijin ɗin warsha ina kallo ne da gefen ido. Amma a Maris ɗin 2022 da Mick Schumacher ya daki bango a wurin, motar ta yi kaca-kaca, washegari sai ga shi yana tafiya da ƙafarsa yana hira da 'yan jarida. Na daɗe zaune a kan galan ina tunani. Wannan ya fi mu gudu nesa ba kusa ba ya tashi lafiya, namu yaron kuma yana maƙabarta. Ashe su shekaru suka yi suna shirya wa ranar da abu zai ɓaci, mu kuwa ko sau ɗaya ba mu taɓa tunanin zai ɓaci ba.

Bayan nan wani kwastoma ya kawo mota yace a canza masa man birki gaba ɗaya, alhali motar sabuwa ce. Na tambaye shi dalili yace halba zai je, wato filin tsere, akwai ranakun da ake buɗe wa mutanen gari, ka biya ka shiga da motarka, ba gasa ba ce, ba wanda ke ba ka kofi, ana raba mutane rukuni-rukuni, sabbin shiga a haɗa su da mai koyarwa. Yace akwai Dirab da Rim a wajen Riyad, wasu ma har Sakhir ta Baharen suke tsallakawa ta gadar Sarki Fahad. Da ya tafi Usta ya kalle ni yace "yaro, wannan tsoron naka kana ɗauka tuba ce, ba tuba ba ce ciwo ne. Tuba ka yi ta tuntuni." Na ji haushin maganar, kwana biyu ban kula shi ba in ba gaisuwa ba.

Na fi wata shida ina kokawa da zuciyata. Gani nake in na sake jin daɗin gudu kamar na ci amanar marigayi ne. Na faɗa wa Umma, ta yi kuka tace ashe ba ka daddara ba. Na zaunar da ita na nuna mata hotunan wurin, nace Umma duba ba mutane a bakin titi, ba mota mai zuwa ta gaba, ga motar asibiti a tsaye, ga hular kwano. Tace ka yi istihara. Na yi, na kuma yi, sannan na fara neman mota.

A Haraj, kasuwar kayan hannu, na samu Toyota 86 ta hannu, mai giyar hannu, ƙirar 2013, sai da na biya kuɗin na lura da shekarar. Ƙaramar mota ce, inji lita 2 na Subaru, doki 200 ko ƙasa kaɗan, tayar baya ke ja. Ranar da na shigo da ita warsha tsohon hali ya motsa, na fara lissafin salansa mai ƙara da birograma da za ta ƙara mata ƙarfi. Usta ya zagaya ta sau ɗaya yace "mota mai gudu kowa na da ita, nuna min mai tsayawa." Ya buɗe bonet ya ɗebo man birki da sirinji ya ɗaga a hasken rana. Kamar shayin da ya kwana, alhali sabo kalar man gyaɗa ne.

A nan na koyi abin da shekara tara ina kanikanci ban ba shi muhimmanci ba. Man birki yana shan raɓa daga iska, kuma kun san raɓar Jidda. Man birki mai lamba DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya wuce digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. A cikin gari ba za ka taɓa sani ba, danja ɗaya ka taka ka huta. A fili kuwa kana taka birki da ƙarfi daga babban gudu sau bakwai sau takwas a kowane zagaye, zafi na taruwa, in man ya tafasa ya zama tururi sai ka taka feda ta tafi ƙasa salin alin kamar ka taka soso, ga kwana a gabanka. Muka zuƙe tsohon tas, muka zuba sabo mai jure zafi, ni ina ciki ina takawa Usta yana ƙasa da sifana da roba a kwalba yana cewa taka, riƙe, saki, taya bayan taya muna farawa da wadda ta fi nisa, har sai da kumfa ta daina fitowa. Ya kuma ja min kunne kan DOT 5, shi na silikon ne ba a haɗa shi da sauran, kar lamba ta ruɗe ka ka ɗauka shi ne gaba da 4. Muka sa sabbin fahmat, wato fad ɗin birki, saboda na kai sun ci rabi kuma rabi ba ya kai yamma a fili, muka auna kaurin faifan da ma'auni ba da ido ba.

Sai taya. Mai motar yace min sabbi ne, kuma zanensu da sauransa sosai. Usta ya sa na tsuguna na karanta lambobi huɗun nan da ke gefen taya bayan DOT, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara. 1417. Wato sati na 14 na 2017, taya ta shekara shida tana shan ranar Hijaz, ka danna farce ka ji ta kamar katako, ga ƙananan tsagu a gindin zanen. Ina tsugunen nan sai na tuna mu da muke zuwa tashlih, inda ake kwance matattun motoci, muna zaɓo irin waɗannan da kuɗinmu. Na tashi na shiga bayi na wanke fuska. Huɗu na canza, kuɗin salansar duk a nan ya tafi, kuma ban yi da na sani ba.

Sauran aikin ba wani abin labari, baƙin mai da filta sabbi, duba lagireto da tiyoyinsa, ɗaure batir kar ya motsa, girgiza kowace ƙafa a kan jak a ji ko akwai lasa, ɗaure notin taya da sifana mai ma'auni a kan 120 kamar yadda kamfani ya rubuta ba da bindigar iska ba, nemo ƙugiyar ja a but a ɗaura ta a gaba. Abu ɗaya da zan ja hankali a kai shi ne ta'amin. Ku karanta takardarku, yawanci inshorar titi ba ruwanta da abin da ya faru a filin tsere, in ka daki bango daga aljihunka ne. Ni na shiga ne da niyyar in motar ta tafi ta tafi.

Shirya direban ya fi shirya motar wuya. Na sayi hular kwano sabuwa mai tambarin Snell na gwajin inganci, ban yarda da ta hannu ba tunda ba ka san faɗuwar da ta sha ba. Na riƙa zuwa kartin, wurin tseren 'yan ƙananan motocin nan, da daddare don jikina ya saba da kwana, ranar farko yara 'yan shekara 12 suna wuce ni suna dariya. Na gyara zama, da a kishingiɗe nake tuƙi hannu ɗaya a saman sitiyari irin na 'yan gayu, yanzu kujera ta matso, in na miƙa hannu wuyan hannuna ya hau saman sitiyari ba tare da bayana ya bar kujera ba, hannu biyu a ƙarfe tara da ƙarfe uku. Na haddace tutoci kamar karatun allo, rawaya rage gudu ba wuce wani, ja kowa ya sassauta ya koma ciki, shuɗiya akwai wanda ya fi ka sauri a baya, baƙa kai ake kira ka shigo. Na kalli bidiyon filin a YouTube ya fi sau hamsin.

Janairun 2024 muka ɗora ta a saɗaha, motar ɗaukar mota, tunda Jidda zuwa Riyad kusan kilomita 950 ne kuma Usta yace motar da za ka wahalar ba ita za ka dogara da ita ta dawo da kai gida ba. Shi ma ya biyo ni, da filas ɗinsa na shayi da bargo. Daren ban yi barcin kirki ba. Da safe ga sanyin Najad mai shiga ƙashi, ga motocin mutane Porsche da BMW da Corvette, na ji kamar in juya. Mai duba motoci ya leƙa tawa yace a cire shimfiɗar ƙafa kar ta shige ƙarƙashin feda, a cire gorar ruwa, caja, komai da zai iya tashi. Sai ya nuna carbin da ke rataye a madubi yace wannan ma. Carbin marigayi ne, Gwaggo ta ba ni ranar da ta neme ni, duk motar da na ja tun lokacin yana jikin madubinta. Na tsaya kamar ban ji ba, Usta ya miƙa hannu ya kwance shi a hankali ya sa min a aljihun gaba ya ja zif.

Zagayen farko abin kunya ne. Mai koyarwar wani Basa'ude ne mai sanyin magana, yana gefena da tasa hular. A miƙaƙƙen wuri na kai 110 ƙafata ta ɗaga da kanta, tuta shuɗiya kam na gan ta har na gaji. Yace min kana kallon hancin motarka ne, ɗaga idonka ka kalli inda kake so ka je, mota ido take bi. Yace birki a miƙe kafin kwana, ka taka da ƙarfi sannan ka saki a hankali, ba ka riƙa lallaɓa shi tun daga nesa ba. Ni da nake ganin na iya mota, ashe karkaɗa ta kawai na iya, ban taɓa koyon tsayar da ita ba.

A fita ta biyu a wata kwanar hagu na ba ta wuta da wuri, baya ya zame. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya mayar da sitiyari ya kamo ta, tsohon hannun nan yana nan ashe. Mai koyarwa yace ma sha Allah a ina ka koyi wannan. Ban ba shi amsa ba, na kunna sigina na shiga ciki, na fito na cire hula na je bayan wata kwantena na yi amai, daga nan kuka ya zo, irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza tunda ranar ina gadon asibiti da ɗan sanda a ƙofa. Usta bai ce min komai ba. Da na dawo na same shi tsugune da geji yana auna taya, yace ta tashi daga 35 zuwa 41 saboda zafi, bari a rage mata kaɗan, kuma wa yace ka ja birkin hannu faifai na da zafi haka, so kake fad ya manne? Sa ta a giya ka sa mata dutse. Ya miƙo min shayi.

Na yi niyyar in ce a ɗora mota mu tafi. Na zauna na ci dabino na sha ruwa, muka yi azahar, sai na ji wani irin sauƙi a ƙirjina kamar an sauke min buhu. Fita ta huɗu ni kaɗai ne a motar. Na fito daga kwanar ƙarshe na ɗaga ido can ƙarshen titi na taka totur har ƙasa, giya uku, giya huɗu, ban kalli allura ba sai daga baya a bidiyo na ga 168. Da na iso allon alamar birki na taka da dukkan ƙarfina, bel ya riƙe ni, motar ta tsaya cak yadda aka ce za ta yi, feda da tauri kamar da safe. Na yi zagayen huce birki a hankali kamar yadda aka koya mana na shigo. A rukuninmu ni ne na ƙarshe a lokaci, wani yaro da Yaris ma ya fi ni.

Na koma sau uku tun daga nan. A titi har yanzu layin dama nake bi, amma hannuna ya daina jiƙewa. Ban taɓa faɗa wa Gwaggo ba, ashe labari ya kai mata. Watan jiya ta kira ni bayan isha'i, gabana ya faɗi, na je na same ta a kan darduma. Tace autanta, ƙanin marigayi, wanda yake shekara shida lokacin da abin ya faru, ta kama shi yana kallon bidiyoyin nan kuma makullin motar yayarsa ya fara ɓata da daddare. Tace "duka ba zai hana shi ba, na sani. Ka tafi da shi wurin naka." Nace Gwaggo ni? Tace to wa ya fi ka sanin abin.

Yanzu kullum bayan la'asar yana warsha. Ya ɗauka ranar farko zan ba shi makulli, sai na miƙa masa tocila nace je ka karanto min shekarar tayoyin nan huɗu. Jiya man birki muka canza, yana ciki yana ta ƙunƙuni wai Yaya yaushe za mu je Riyad ɗin, ni ina ƙasa da sifana da kwalba, Usta na kan kujerarsa yana kallonmu, ina ce masa taka, riƙe, kar ka saki sai na ce.